Sallahun Inna Zuwa Agege

Litinin, 6 ga Agusta, 1956

Magana ta tabbata. Bayan mun sallami masu gyambo Likita ya kira ni ofis, ya ce sunana ya fito, ni za a tura Ingila kwas ɗin malaman asibiti, shekara guda. Jirgin ruwa zai tashi daga Ikko ranar Talata, huɗu ga Satumba. Na ce na gode, ranka ya daɗe. Na fito na shige ɗakin magani na turo ƙofa, don kada Yakubu ya ga murnata. Tare muka fara aiki da shi, kuma sunansa ne ke bin nawa. Ya zo daga baya ya yi mini barka da baki kawai, idonsa na ƙasa.

Ba za a sake ni ba sai wanda zai canje ni ya iso ƙarshen wata, saboda haka ba jirgin ƙasa zan bi ba. Mota zuwa Kano, jirgin sama zuwa Ikko, 'yan kwanaki a can, sannan teku. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba.

Na gaya wa Inna da la'asar tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ni ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, magana ma sai ta bi ta kan wani. Ta ce wa rariyar Allah ya sa alheri. Can sai ta juya wajen matata Asama'u ta ce, "Ashe zai ga Inuwa ke nan."

Wannan ne barkar da na samu. Ana maganar Ingila, ita tana maganar autanta da ya tafi Ikko dako shekara shida bai leƙo ba.

Laraba, 8 ga Agusta

Akawun ofishin Likita ya zaunar da ni ya yi mini bayanin sauka. Hanya biyu ce. Ko dai otal ɗin da gwamnati ke sauke mutanenta a cikin tsibiri: mota ta ɗauke ni daga filin jirgi har ƙofa, ranar tafiya ta kai ni Apapa bakin jirgi da akwatina, ba ruwana da kowa. Ko kuma in ina da nawa mutanen in sauka wurinsu, in nemi motar kaina. Ya ce bara wani ya sauka wajen dangi, aka yi ta rakiya da addu'a, ya iso bakin ruwa ya tarar jirgi ya yi nisa. In faɗa masa wanda na zaɓa kafin ashirin da bakwai ga wata, ya buga waya.

Wai a otal ɗin akwai fanka a sama, kuma ruwa na zuwa da kansa har ɗaki. Ba zan ɓoye wa littafin nan ba, raina ya biya.

Alhamis, 9 ga Agusta

Baba Audu ya ji. Ƙanen mahaifina ne, idonsa ya kusa tafiya amma kunnensa na kaiwa har Ƙofar Jatau. Ya sa aka jawo shi zaurenmu da sassafe ya yi ta faɗa. Otal gidan giya ne da matan banza. Bazazzage in ya je Ikko wajen Bahago yake sauka a Agege, shi ne mai masaukinmu, wajen uban Bahago mahaifina ya riƙa sauka zamanin da yake fataucin goro. "Ka tsallake gidan Bahago ka kwana gidan kafirai, da wane ido za mu dubi mutumin?" Na so in ce da wane ido ɗin, amma na haɗiye. Allah ya yafe mini.

Ya ƙara da cewa Agege ɗin ma ga ta ga filin jirgin, da ƙafa ana zuwa. Na tambayi akawu, ya ce gaskiya ne. Bakin ruwa ne ke da nisa.

Lahadi, 12 ga Agusta

Sallahu ya fara. Duk wanda ke da wani a Ikko cikin Ƙofar Kuyambana ya tuna da shi a makon nan. Daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, kilishi, man shanu a kwalba mai yoyo. Tsohuwa Tani ta kawo tukunya, tukunyar ƙasa, wai 'yarta ta ce na can ba sa daɗin miya. Na ce musu jirgin sama awo yake yi wa kaya, ba a wuce abin da aka yanka. Suka ce to, Allah ya kai lafiya, suka ajiye suka tafi. Ba wanda ya ji. Kuma ba a mayar da sallahu, wanda ya mayar ya gama da mutane har jikokinsa.

Ɗakina warin daddawa kawai yake. Asama'u na dariya, wai haka zan isa gaban Turawa. Ba abin dariya ba ne.

Talata, 14 ga Agusta

Mamman mai goro ya dawo daga kurmi. Ya tare ni a bakin asibiti, ya ja ni gindin dalbejiya, ya yi ta gaisuwa har na gane akwai magana.

Inuwa ba shi da lafiya. Tarin fuka. Tun kafin azumi ya bar dako, yanzu ko buta ba ya iya ɗagawa. Yana gidan Bahago, amma baƙi sun fara gudun masaukin saboda tarin, sai aka mayar da shi wata rumfa bayan ɗakin ajiyar goro. Kwanon abincinsa daban, ana turo masa da ƙafa. Mamman ya ce ya ga jini a tsumman da yake tofawa. "Malam Mika'ilu, da ban san shi ba tun yana yaro, wallahi da ban gane shi ba. Wuyansa kamar sillen kara."

Na ce me ya hana ka taho da shi? Ya sunkuyar da kai. Ya ce yana da 'ya'ya ƙanana, kuma abokan tafiyarsa sun ce ba za su zauna tarago ɗaya da mai tari ba. Ban ga laifinsa ba. Na gani, amma ba ni da bakin faɗa.

Wai Inuwa ya ce kada a gaya wa Inna. Ya ce a gaida Yaya.

Na roƙi Mamman ya riƙe bakinsa. Na koma na ci gaba da ba da magani, na ba wata mata na ciwon ido alhali ciwon ciki ta ce. Yakubu ne ya lura.

Laraba, 15 ga Agusta

Ban ci komai ba. Ruwa tun safe, indararo bai huta ba.

Juma'a, 17 ga Agusta

Cika-ciki. Inna ta dafa wutsiyar ragon layya da ta adana, ta raba, ta cire na Inuwa ta rufe da faifai kamar kowace shekara, gobe ta ba maƙwabta. Ina zaune ina kallonta.

Bari in rubuta abin yadda yake, tunda ba mai karantawa. Na san ciwon nan, aikina ne. Akwai sabuwar allurar da ta zo, na ga ta tashi mutum biyu da muka fid da rai. Amma kullum ake yi, wata da watanni, ga abinci mai kyau, ga ɗaki mai iska, ga wanda zai tsaya a kansa. A rumfar bayan goro ba zai ga rani ba. Sai an ɗauko shi. Wa zai ɗauko shi? Baba Audu makaho? Asama'u da goyo? Namiji ɗaya ne a gidan nan mai ƙafa, kuma shi ne mai allurar.

In na sauka Agege zan gan shi. In na gan shi, ban san yadda zan juya in hau jirgi ba. In ban hau ba Yakubu zai hau na gaba, kuma Bature ba ya kiran mutum sau biyu. Zan mutu ina wanke gyambo.

In na sauka otal, mota za ta ɗauke ni daga gindin jirgin sama ta yi kudu da ni. Agege na bayana. Ba wanda zai ce na ƙi zuwa, tsarin gwamnati ne.

Shi ya kai kansa. Wa ya aike shi? An sa shi makaranta ya gudu, an kai shi wajen ɗinki ya gudu, Inna na cewa ku bar mini shi yaro ne. Ni aka yi wa bulala, ni na zauna, ni na binne Baba, ni nake yaɓen gidan nan kowace shekara. Sau ɗaya abu ya zo nawa ni kaɗai. Sau ɗaya.

Ina jin haushinsa, kuma ina jin kunyar haushin.

Litinin, 20 ga Agusta

An kawo wani manomi daga ƙauye a kan jaki, irin ciwon. Ɗan'uwansa ne ya riƙo shi, yana tallafe da kansa yana ce masa sannu, sannu, mun iso. Na ce Yakubu ya duba shi, ni ina da lissafin kwalabe. Babu wani lissafi.

Likita ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa, baƙa, mai nauyi kamar bargo. Ya nuna mini yadda ake riƙe wuƙa da cokali mai yatsu, ya ce in gwada a otal kafin jirgi don kada in ji kunya a teburi. Mutumin kirki ne. Na kusa gaya masa. Da na gaya masa zai ce a aika da takarda asibitin Ikko, a sa sunan Inuwa a layi. Na san irin layin.

Laraba, 22 ga Agusta

Na ce wa akawu otal. Ya buga waya a gabana. Ya ce ka yi dabara, Malam.

Alhamis, 23 ga Agusta

Baba Audu bai amsa gaisuwata a masallaci ba. Ya san muryata sarai.

Na gaya wa Asama'u komai, don ta dame ni da tambayar abin da ke hana ni cin abinci. Sannan ta ce, "Malam, duk abin da ka yi daidai ne." Da ta zage ni da ya fi mini. Na ce kada Inna ta ji. Ta dube ni wani iri, ta ɗauki yarinya ta fita.

Sallahun mutane kuma na shirya da Mamman, zai tura a jirgin ƙasa cikin kayan wani abokinsa. Har tukunyar Tani. Nauyi ɗaya ya sauka. Na yi zaton zan ji sauƙi.

Asabar, 25 ga Agusta

Katangar bayan gida ta faɗi da ruwan jiya, ta danne akurkin kaji. Ɗakin da ke jikinta na Inuwa ne, tun da ya tafi ake zuba tarkace a ciki. Na shiga duba ko rufin ya tsage. Bai tsage ba. Taga biyu gare shi, gabas da yamma, iska na ratsawa. Na tsaya ina duban tagogin har maginin da na kira ya yi mini magana sau biyu. Ban san abin da nake dubawa ba.

Na sani.

Litinin, 27 ga Agusta

Wanda zai canje ni ya iso. Yaro ne mai tsabta, yana ce mini ranka ya daɗe. Na nuna masa makullai. An kawo fasfo ɗina, hoton ciki kamar wanda aka kama da sata.

Kowa a hanya sai ya ce Malam na Ingila. Wani ma har ya fara ce mini likita. Ina amsawa.

Talata, 28 ga Agusta

Yau Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta aiko Asama'u ba, da kanta ta tsaya a ƙofata ta ce, "Kai, zo." Rabona da shiga ɗakin nan tun rasuwar Baba.

Ta zauna bakin gado ta juya mini gefe, kamar kullum. Ƙulli biyu a gabanta. Ta ce ta ji an tura kayan mutane a jirgin ƙasa, nata ba na jirgin ƙasa ba ne, kuma ba nauyi. Ta turo na farko, garin kunu ne da ta daka da kanta, da 'yar kwalbar zuma. Na ce to. Ta turo na biyu. Na ɗaga na ji laushi, na ɗan buɗe bakin ƙullin. Farin alawayyo ne sabo, an wanke an ninke, har da turare a tsakiya.

Na ce Inna, wannan fa?

Ta ce, "In an tarar da shi da rai, a dama masa wancan. In ba a tarar ba, ga wannan. Ban so a rufe mini ɗa da ƙyallen sadaka a garin mutane."

Ashe ta sani tun kafin ni. Ƙanwar matar Bahago tana aure a Tudun Jukun, tun bayan ƙaramar salla maganar ta iso mata ta bakin mata. Ta san rumfar, ta san kwanon. Duk kwanakin nan da nake ɓoye mata, ita ma ɓoye mini take yi. Ta ce ba ta so ta faɗa ba don kada ta ɓata mini tafiya, tunda abin arziki ne ya samu.

Na jira ta ce je ka ɗauko shi. Wallahi na jira. Na ma shirya amsa, na shirya faɗa, duk maganar da na tara shekara da shekaru tana bakina. Ba ta ce ba. Cewa ta yi ta ji wai motar gwamnati ce za ta ɗauke ni, in roƙi direban, in ya sauke ni a masaukin Turawan, ya taimaka ya miƙa ƙullin gidan Bahago. "Ba sai ka je ba. Ciwon ana ɗauka. Kada in rasa biyu."

Kada in rasa biyu. Ban taɓa sanin tana ƙirga ni ba.

Na kwashi ƙullin na fito. Na ji ta tana kiran kaji.

Laraba, 29 ga Agusta

Na sa ƙullin a akwati na fitar, na sa na fitar. Kan rigar Likita bai zauna ba, ƙarƙashinta ma bai zauna ba. Ƙanshin turaren ya kama duk kayana.

Na yi ta ƙoƙarin shirya yadda zan gaya wa direba. Wani mutum da ban sani ba, Bayarabe ko wane ne, in miƙa masa likkafanin ƙanena ta tagar mota in ce don Allah in ka samu sukuni. Sannan in hau bene in zauna ƙarƙashin fanka in koyi cin nama da wuƙa.

An yi mini walimar sallama a asibiti, shayi da biskit. Yakubu ya yi jawabi, ya ce ni abin koyi ne. Baba Audu ya aiko da laya a ɗaura a damtse saboda teku. Har yanzu ba ya yi mini magana.

Inuwa ne ya koya wa kansa busa sarewar kara a ɗakin nan na baya, ya hana kowa barcin rana. Na taɓa karya masa ita. Ya yi wata. Ban san abin da ya kawo wannan ba.

Alhamis, 30 ga Agusta

Gobe bayan Juma'a motar Kano. Jibi jirgin sama.

Na ɗauki akwatin a keke na kai tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari, don sikelinsu ya fi na asibiti gaskiya, kada in je Kano a ce na wuce awo. Bai wuce ba. Abin da ya kai ni ke nan.

Tunda ina wurin, kuma ba layi, sai na tambayi akawun tikiti ranar da jirgin arewa ke tasowa daga Ikko. Ya ce akwai na Talata. Talata dai. Na ce yana tsayawa Agege? Ya ce yana tsayawa. Na ce to in mutum ba shi da lafiya, ba ya iya zama sai kwance, kuma ba a so ya cuɗanya da jama'a fa? Ya ce akwai ɗan ɗaki a ƙarshen tarago da ake keɓewa, amma sai an buga waya tun yanzu, kuma ba sa karɓar marar lafiya shi kaɗai, sai da mai jinya. Na ce tambaya ce kawai nake yi. Ya ce ai ba laifi, ya jawo takardar waya, ya lashi fensir, ya ce sunan wa, mutum nawa.

Ban fasa komai ba. Otal na nan, mota na nan, fasfo na aljihuna. Likita bai san da maganar tashar ba, Asama'u ma haka. Har Talata da sauran kwanaki, mutum na iya leƙa Agege ya fito, ga ta ga filin jirgi.

Da na dawo na sa magini ya fara kwashe tarkacen ɗakin baya, don dama ya kamata a kwashe.

Can a tasha, akawun tikitin ya rubuta mutum biyu. Ina tsaye ina kallo, ban ce ya goge ba.